Mai Gyaran da Ya Zo da Azumi

Assalamu alaikum mutanena. Kafin wata ta fara ƙorafin na yi shiru, ku sani da kwamfutar aro nake rubuta wannan. Tawa tana tsare, wayata ma tana tsare. Wanda bai san ni ba, Hafiza ce, autar Alhaji Tukur mai hatsi a nan Dutsin-Ma. Ku gyara zama, don abin da ya same ni shekaranjiya da hannuna na jawo shi, kuma ina murna lokacin da nake jawowa.

Ni dai Allah Ya yi ni da son sanin cikin abu. Ba na iya ganin abu yana aiki in ƙyale shi, sai na san me ke motsa shi. Agogon bangon Umma, tocilan ɗin Baba, injin markaɗe, duk sun sha kwancewa a hannuna, kuma ba duka ne suka koma yadda suke ba. Umma ta ce tsakanin hannuna da bakina ba ta san wanda ya fi yi mata ɓarna ba.

Wannan halin ne ya haɗa ni da Zaharaddin. A shekarata ta ƙarshe a jami'a laftof ɗina ta tsufa, in na kunna ta sai in yi wanka in shafa mai ba ta gama tashi ba. Wata ƙawata ta kai ni wurin wani mai gyara ɗan Barkiya ta wajen Kurfi da ke kafa teburinsa kusa da makaranta. Ya duba ya ce Windows ta yi mata nauyi, zai sa mata Linux, ita ma manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta amma ba ta cin ƙarfi. Na tambaye shi me ya sa ba ta ci, ya amsa. Na tambaye shi su wa suka yi ta kuma me ya sa kyauta ce, ya amsa. Har ƙawata ta gaji ta tafi ta bar mu. Shi ne mutum na farko da na yi wa ruwan tambayoyi bai ce mini "ke kam kin cika" ba. Daga nan tambayoyin suka koma waya, daga baya kuma suka daina zama na kwamfuta.

Bayan na gama karatu na aika masa da laftof ɗin ta hannun ƙawar nan ya canza mata ma'ajiya. Da ta dawo sai na tarar ya raɗa mata suna. Kowace kwamfuta tana da sunan da ake ba ta ranar da aka ɗora mata manhaja, yawanci ba mai kula da shi. Tawa kuwa, in na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ga shi a farkon layi: amaryar-zahar. Ranar na yi ta murmushi ni kaɗai har Umma ta tambaye ni ko lafiya. Da tafiya ta yi tafiya idona ya saba da shi, na daina ma lura yana wurin.

To, ga inda matsalar take. Babana mutum ne mai sauƙi a komai ban da abu ɗaya: ba a zance da 'yarsa sai manyan yaro sun zo sun nemi izini. Ba a tsaye ba, ba a waya ba. Yayata Nana Hadiza ta gani. Wani malamin makaranta, mutumin kirki, Baba ya gan su tsaye a bakin ƙofa sau ɗaya kafin manyansa su zo. Daga baya sun zo har da limami, Baba ya ba su ruwa ya ba su haƙuri, ya ce shi ba a zagaye shi. Yaya ta yi kukanta ta gama, yanzu tana Katsina da wani mijin. Saboda haka na san sarai, ranar da Baba ya gane ni da Zaharaddin mun riga izini, ranar na rasa shi.

Ku ce me ya hana manyan nasa zuwa? Mahaifinsa ya rasu, magana tana hannun Kawu Labaran na Barkiya, shi kuwa ya ce ba ya zancen aure da damina. Sai gero ya shiga rumbu hanya ta bushe, sannan zai sa babbar riga. Ni kuma a nan gida Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, duk ranar da ta shigo daga Kutawa sai ta ƙare mini kallo daga ɗankwali zuwa silifa ta ce, "Digiri dai an yi, saura mi?" Umma kuwa ta fara sayen kwanuka tana turawa ƙarƙashin gado, kuma tana tabbatarwa na ga tana turawa.

A gidanmu kwamfuta uku ce, kowacce da yarenta. Akwai ta Baba, babba ta kan tebur mai Windows, tana falonsa na waje tare da firinta. Akwai tsohuwar Mac da Yaya Abdullatif ya bari da ya koma aiki Abuja, tana ɗakin Umma, da ita take kallon hotunan biki da sauraron tafsiri, ta ɗinka mata mayafi na leshi don ƙura. Sai tawa mai Linux, wadda batirinta ya gaji, in ba a jikin caji take ba ko tuwo ba a gama tuƙawa ta mutu.

Baba ne sakataren ƙungiyar 'yan hatsi, ni ke buga masa takardun gayyatar taro da sanarwa. Sai in buga a ɗakina, in sa a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, in jira falo ya watse. Falon Baba kuwa ba ya watsewa. Dillalai, masu awo, manoman Ɗantutture da suka zo gaisuwa, kullum cike da maza, ni kuma ba na shiga. Wata rana aka kai filas ɗin wani shago a gari, ya dawo da cuta, ya ɓoye wa Baba duk takardunsa. Shi ne ya kira Yaya Abdullatif da faɗa. Yaya ya ce abin mai sauƙi ne, a sayi wata na'ura mai suna rauta a haɗa kwamfutocin su riƙa ganin juna, in buga a ciki takarda ta fito a waje, ba filas ba jira. Ya ce abokinsa ya san wanda ya iya.

Ina zuba wa Baba shayi ya ce wa Umma an samo mai gyara, wani yaro Zaharaddin, ɗan Barkiya mai shago a Kurfi, zai zo ranar Alhamis. Ban zubar da shayin ba, amma na sa masa sukari sau biyu.

Ina shiga ɗaki na rubuta wa Zaharaddin: "Ka san gidan wa aka kira ka?"

"Na sani. Sai da na amsa aka gaya mani sunan."

"Ka ce ba ka da lafiya."

"In fara da ƙarya tun kafin in zama suruki? Kuma in na ƙi zuwa, ranar da Kawu ya zo sai Alhaji ya tuna ni ne yaron da ya ƙi aikinsa."

Na tuna masa Baba ba ya barin ma'aikaci ya bar gidansa da yunwa, kuma a kwano ɗaya yake ci da su, ko mai gyaran famfo ne. Kun san kuwa mai neman aure ba ya cin abinci a gaban uban yarinya, ko da yunwa za ta kashe shi. In ya ci ya zubar da kunyarsa, in ya ƙi ci Baba zai tambayi dalili. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan ya turo: "Alhamis ce. Zan ɗauki azumi, na gaskiya. Aikin ba zai kai azahar ba." Na yi dariya har na kifa kai a filo. Wallahi a lokacin na ɗauka babu mai wayo irin namu.

Ranar Alhamis na tashi na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali na kwance na sake ɗaurawa, sannan na tuna ba ganina zai yi ba. Ta tagar kicin ana hango bakin ƙofar falo in aka ɗaga labule kaɗan. Na gan shi ya sauka daga babur, yadi ruwan toka da guga ta kama, hula zanna, jaka a kafaɗa da naɗin waya shuɗiya a hannu. Tun daga bakin kwata ya tuɓe takalmi, ya taka ƙasa jiƙaƙƙiya da safa. Na ce a raina, kai Zaharaddin, wane mai gyara ne ke haka?

Baba ya gaya masa ba namijin da ke shigar masa cikin gida, saboda haka 'yarsa ce za ta zama hannunsa a ciki. Ya kira ni da wayarsa ya buɗe murya ya ajiye a tebur. Sai na ji muryar da na saba ji tana tsokanata ta koma ta mai karanta labarai.

"Malama, ina kwana. Don Allah ki kunna kwamfutocin biyu."

"To, Malam," na ce. A ƙasa kuma saƙo ya shigo wayata: "Ga Alhaji nan. Shina zaune dab da ni."

Farkon aikin ya tafi lafiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa har na manta da tsoro. Ya kafa rauta a kan kabad ɗin Baba, ya ja waya daga ita zuwa babbar kwamfuta, ya ce in sa tawa da ta Umma su hau wayfay ɗinta. Na tambaye shi ta yaya rauta ke bambance su. Ya ce kowacce tana ba ta lamba, kamar lambar gida a layi, farkon lambar iri ɗaya ne ga duk 'yan layin, ƙarshen ne ya bambanta. Ya sa na karanto masa lambar kowacce, duka suka dace. Na tambaye shi to tunda suna layi ɗaya me ya hana su gaisawa. Ya ce yare. Windows tana da hanyarta ta raba fayil da firinta, Mac ta iya wannan hanyar amma sai an buɗe mata, Linux kuwa sai an ɗauko mata tafinta mai suna Samba. Baba ya yi gyaran murya ya ce haka take, in ka biye mata sai ta tambaye ka sunan kakan rauta.

Ni na sa Samba da hannuna. Yana faɗo umarni harafi-harafi ina bugawa, rubutu yana ta gudu a baƙin allo, na buɗe folda na sa mata kalmar sirri. Sunan nan yana farkon kowane layi da na buga, ina kallonsa, ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba. A can waje shi kuma yana gaya wa Windows cewa nan gida ne ba kasuwa ba, ta daina ɓuya, ta bar 'yan'uwanta su ga firinta. Saura gwaji kawai aka ɗauke wuta.

Baba ya ce janareto na wurin gyara, a jira. Aka yi azahar, aka kai abinci falo, dambun shinkafa da zogale da man ƙuli, Umma ta yi shi da kyau don baƙo. Ina laɓe a bayan ƙofar da ta haɗa falo da tsakar gida na ji Baba ya ce bismillah, Zaharaddin ya ce yana azumi. Baba ya yi masa addu'a, ya ce yaran yanzu ba su cika wannan ba, ya ci abinsa. Na koma ɗaki ina taka rawa ba sauti. Tawa ta riga ta mutu tun tuni, na zauna ina kallon silin ina lissafin yadda zan tambaye shi ma'anar kowane umarni da na buga.

Sai bayan la'asar aka kawo wuta. Na kunna tawa, na buɗe ta Umma, duk suna kan yanar gizo lafiya lau. Ya ce in tura takarda. Na tura, firinta ko tari ba ta yi ba. Ya ce in rubuta lambar ta Baba a Mac, na rubuta, ta yi ta juyi ta ce ba ta san wannan gida ba. Ya tambaye ni ko ina kan wayfay, na ce ina kai, ga shi har saƙo na shigowa. Ya kashe katangar tsaron Windows ya kunna. Ya sake raba firinta. Ya sa na goge layi a Samba na mayar. Abin mamaki, tawa da ta Umma suna ganin juna in na kira su da lamba, na ma tura hoton bikin Yaya daga wannan zuwa waccan, amma ta Baba kamar ba ta duniya.

Baƙin Baba suka watse ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi da mai gyara. Rana tana sauka. Saƙonnin Zaharaddin suka fara gajarta.

"Ya hana ni tafiya. Ya ce in sha ruwa nan."

"Ka ce za ka dawo gobe."

"Na ce. Ya ce mai azumi bai barin gidansa da magariba a kan hanya."

Azumin da muka ɗauka mafaka shi ne yanzu zai kai shi gaban kwanon Baba, kuma ba sauran uzuri. Umma tana kicin tana dama kunun gyaɗa tana soya ƙosai, tana cewa yaron nan akwai ladabi, ko ɗan gidan waye a Barkiya. Na ce mata ban sani ba, na gudu ɗaki.

Hanya ɗaya ta rage, aikin ya ƙare kafin kiran sallah ya samu ya sulale masallaci daga can ya wuce. Na san kansa ya kulle, ba mai iya tunani da Baba a kafaɗarsa. Sai na zauna na ajiye kwamfutocin biyu a kan gado na tambayi kaina abin da na saba tambaya: me ya canza? Da safe lambobi sun dace. Tsakanin safe da yanzu ba abin da ya faru sai ɗauke wuta. Na sake duba lambar tawa. Lambar kashi huɗu ce, da safe kashi na uku sifili ne, yanzu takwas. Na duba ta Umma, ita ma takwas.

Na bi ɗakin da kallo, sai ga ta a kan madubin Umma tsakanin kwalbar turare da kwalli, 'yar mayfay ɗinmu ta da, wadda muke hawa yanar gizo da ita kafin a sayo rauta, tana ƙyafta koren ido. Ita da batiri take aiki. Da wuta ta ɗauke rauta ta mutu, kwamfutocin ciki suka koma wurin wadda suka saba da ita, da wuta ta dawo kuma ba wanda ya ce su dawo. Ashe tun la'asar muna layi daban da Baba muna ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba a unguwarmu take ba.

Daɗin da na ji, sai wanda ya taɓa gano abu da kansa zai gane. Na kashe mayfay, na mayar da su kan rauta, lamba ta koma sifili. Na tura takardar gwaji, daga nan ɗaki na jiyo firinta ta ja numfashi ta fara aiki, na ji Baba ya ce ikon Allah. Na rubuta masa da manyan haruffa: "NI NA GANO." Na ƙara da bayanin yadda aka yi, don ba zan iya barin wannan ba. Ya turo: "Allah Ya bar mani ke. Bari in nuna mashi yadda zai riƙa ganinku, in gudu."

Ina murmushi na juya kan Mac in rufe ta. A gefen allo, wurin da take jera maƙwabtanta, sunaye biyu sun fito. Na sama ALHAJI-TUKUR. Na ƙasa na karanta shi sau biyu kafin ya shiga kaina. Duk yinin nan da lamba nake kiran kwamfutocin, ban taɓa tunanin su da suna suke gabatar da kansu ga mutane ba. Abin da Mac ta gani kuwa, ta Baba ma za ta gani.

Da sauri na rubuta masa: "Kar ka buɗe. Sunan. Sunan tawa." Saƙon ya isa, bai karanta ba. Na fara neman inda ake canza suna, ban sani ba, wannan tambayar ce kaɗai ban taɓa yi masa ba. Ban ma yi tunanin in rufe laftof ɗin kawai ba sai daga baya. Umma ta leƙo ta ce in sa hijabi in kai faranti, Babana ya ce tunda ba kowa in zo in ga abin da hannuna ya yi.

Na shiga da sallama ɗauke da dabino da ruwa da kunu. Zaharaddin yana durƙushe a gefen kujerar Baba, ya ƙi zama a kan kujera tun safe, hannunsa a kan maus, wayarsa a kife can kan kabad. Bai ɗago ba. Na ajiye faranti ina ƙoƙarin kama idonsa, shi kuwa ya riga ya danna.

Baba ya gyara tabarau ya matso da fuska. Ya nuna na farko da yatsa ya ce wannan shi ne. Ya nuna na biyu ya ce wagga ta Abdullatif ce. Yatsan ya sauka kan na uku ya tsaya. Windows ma ba ta rufa mana asiri ba, da manyan haruffa ta rubuta shi. Baba ba ya sauri a karatun boko, a hankali ya furta, gaɓa-gaɓa, har ya kai ƙarshe.

Firinta ce kawai ke ɗan ƙara tana hucewa. Ni dai na durƙusa a inda nake. Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin layinmu.

Baba ya jira har aka gama kiran, ya yi addu'a, sannan ya cire tabarau.

"Malam Zaharaddin, tun safe nike kallonka. Masu gyara sun sha zo mani gida. Ban taɓa ganin wanda ya tuɓe takalmi tun bakin kwata ba, ko wanda ya yini bai dubi idona ba."

Ya jawo farantin dabino ya tura gabansa.

"Ga buɗa-baki. In mai gyara ne kai, ci nan gabana, ka goge wanga suna, in ɗauka wasan yara ne. Ka tafi da mutuncinka, kuma ba ni ba kai sai in kwamfuta ta lalace. In kuwa ba mai gyara ba ne, ka san abin da ya kamace ka."

Na gane abin da Baba ya ajiye masa. In ya ci, ya tsira daga faɗa, ni ma na tsira, amma ba zai taɓa dawowa da manya ba. In bai ci ba, ya amsa da bakinsa cewa ya zagaye Baba, kuma kowa ya san yadda malamin Yaya ya ƙare. Ban san wanne nake so ya zaɓa ba. Na dai ƙura wa hannunsa ido.

Ya miƙa hannu biyu ya ɗauki dabino ɗaya. Na ɗauka a nan zai ci. Sai ya tashi a sunkuye, ya ja da baya har ƙofa, ya fita. Ta ƙasan labule ina hango shi, ya je wurin takalminsa a bakin kwata ya tsuguna, ya juya wa falon baya, sannan ya kai dabinon baki.

Baba ya daɗe yana kallon labulen. Da ya juyo kaina muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun ina makaranta. Ya tambaya ko ya taɓa zuwa ƙofar gidan nan, na ce bai taɓa ba sai yau. Ya ce, "Ke ma kin zagaye ni, Hafiza." Nan hawaye suka zo, don gaskiya ya faɗa. Ya ce in kawo kwamfutar, in kai wa Umma wayata.

Na kawo ta a buɗe, ya ajiye ta a tebur kusa da tasa. Ya ɗauki carbinsa ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa, ina jin abin da yake cewa.

"Ka gaya ma wanda ya isa da kai, akwai wani suna a gidana da ban san wanda ya ba da izinin raɗa shi ba. Ya zo ya karanta da idonsa kafin wata ya tsaya. In bai zo ba, in nemo wani mai gyara ya goge."

Kafin in miƙa wa Umma wayar saƙo ɗaya ya shigo: "Gobe da asuba zan kama hanyar Barkiya. Kin san Kawu." Na san Kawu kuwa. Gero ko kai bai gama fitarwa ba, hanya duk taɓo, kuma mutumin da ya ce sai kaka ba a taɓa jin ya ce wani abu daban ba. Umma ta karɓi wayar ta sa a cikin kwanon da ke ƙarƙashin gado, ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai dama ta ga sukari biyu a shayi.

Baba bai yi mini magana ba tun daga lokacin. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice ya wuce. Ban san ko wa'adin da ya bayar ƙofa ce ya bari a buɗe ba, ko kuwa ladabin kora ne irin wanda ya yi wa su limami.

Jiya da safe na ɗaga mayafin leshi na buɗe Mac, na duba gefen allo. ALHAJI-TUKUR yana nan. Ƙasansa babu komai. Na rufe na sake buɗewa, na kashe wayfay na kunna, babu. Na ce shi ke nan, ko wata bai jira ba, ya rufe ta ya jefa a kabad. Na kifa kai a gadon Umma na yi kuka mai isata, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya.

Ina cikin haka Umma ta shigo daga kai masa shayi, ta tsaya a kaina da faranti a hannu.

"Tashi ki share ido. Babanki ya ce ki aiko da wayar cajin abin nan."

Na ɗago ban gane ba.

"Ya ce kwamfutarki ta mutu tun jiya, ya duba tasa da safe bai ga sunan ba."